Ƙwaryar da Astajam Ba Ta Ajiye Ba

A rugagenmu na gabas da Tibati, in ana so a yabi mace da tafiya, sai a ce ta biyo Goggo Astajam. Tun tana 'yar ƙwailarta take bin uwarta kasuwa da ƙwaryar nono a ka, kuma har ta yi jikoki hanyar nan ɗaya take bi: ta gangara rafi, ta hau tudu, ta ratsa gonakin rogo, ta faɗa jar hanyar mota. Masu babur sun gaji da yi mata tayi. Ta ce ita ba buhun masara ba ce da za a ɗaure ta a bayan ƙarfe. Doguwa ce siririya, wuyanta a miƙe saboda ɗaukar kaya, kuma magana ba ta kwana a bakinta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta rabin shekara yana daji da garke, saboda haka gidan ita ce da surukarta Dudu da yara.

Abu na biyu da kowa ya sani game da ita, ba ta shan ruwa. Wannan ba ƙari ba ne. Ruwa, in ji ta, na alwala ne da wanki da shanu. Da safe madara da ɗuminta daga hantsar saniya, da rana kindirmo, da yamma tuwon masara a dama da nono. In ta ga mutanen gari suna ɗaga gorar ruwa, tausayinsu take ji har ranta.

Na uku kuwa ba a faɗinsa a gabanta. Tana da ƙane ɗaya, Giɗaɗo, wanda ta goya a kan wannan hanyar ta kasuwa lokacin da kaya suka yi wa uwarsu yawa. Da uwar ta rasu, ta bar wa Astajam saniya guda mai suna Wule. Giɗaɗo ya kora garke ya yi kudu da shi wajen iyaka, har da Wule a ciki. Ta aika, ya ce saniya ba ta rabuwa da garkenta. Ta sake aikawa, ya yi shiru. Tun ba a haifi Dudu ba aka yi wannan, kuma tun daga ranar Astajam ba ta ƙara kiran sunansa ba. In dole ta kama, sai ta ce mutumin can.

Ciwon ya zo mata a farkon wata damina. Zazzaɓi ne mai zuwa da la'asar, ya jiƙa mata tabarma da gumi, gari na wayewa ya tafi kamar bai zo ba. Ta sha saiwa, ta sha maganin zazzaɓin sauro, a banza. Da gwiwoyi suka fara ciwo, Dudu ta yi ta naci har ta kai ta asibitin gari. Wadda ta duba ta wata gajeriyar mace ce 'yar ƙabilar Baya mai tabarau, ana ce mata Madam Ndanga. Ta ɗebi jini, ta ce su dawo. Da suka dawo ta yi tambaya ɗaya.

"Goggo, shanunku suna ɓari?"

"Biyu sun zubar bana. Ni kike dubawa ko su?"

"Ciwonsu ne a jikinki. Bakkale, mai sa shanu ɓari. A ɗanyar madara kika sha shi."

Astajam ta juya ta dubi surukarta. "Kin ji ko, 'yar nan? Na tsufa na zama saniya."

Madam Ndanga ta ba ta magani iri biyu. Jan kafso da asuba kafin a ci komai. 'Yar ƙwaya rawaya safe da yamma bayan abinci, da cikakkiyar moɗa ta ruwa, a zauna a miƙe kada a kwanta, kuma kada nono ya kusance ta, domin nono yana riƙe ta a ciki ya hana ta shiga jini yadda ya kamata. Mako shida, ko an ji sauƙi kada a tsaya. Astajam ta yi ta cewa to, to, irin to ɗin da ake ce wa mai tallan maganin basir a kasuwa.

Ba taurin kai ne kawai ya sa ta yi abin da ta yi ba, a yi mata adalci. A wurinmu ba a tarbar baƙo da ruwa in akwai nono a gida, abin kunya ne. Ita kuwa a ganinta magani baƙo ne da ya zo yi mata alheri. Sai ta karrama shi. Kullum ta damo kindirmo mai kauri ta kora ƙwayar da shi, tana cewa mutanen gari ba su da shanu, dole su yabi ruwa. Duk da haka zazzaɓin ya ja baya. Kafin wata ya raba ta miƙe garau, ta ɗauki ƙwaryarta. Maganin da ya rage kuma ba ta bar shi ya lalace ba. Akwai wani ɗan maraƙi mai zawo a kan dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, ta riƙa fasa kafson tana zuba masa a baki. Maraƙin ma bai tashi ba.

Kaka ta kusa lokacin da ciwon ya dawo, kuma a kan tudu ya same ta. Tana tsakiyar hawa wani abu ya soke ta a ƙugu, ƙafafu suka ƙi. Ta durƙusa a hankali, ko ɗigo bai zube daga ƙwaryar ba, abin da har yau take tunatar da mutane. Amma tashi ya gagara. A bayan babur aka kai ta asibiti, an ɗaure ta da zani a jikin direban.

Madam Ndanga ba ta yi faɗa ba. Ta saurari labarin kindirmo, ta saurari na maraƙi, ta cire tabarau ta goge.

"Goggo, ya shiga ƙashin bayanki. Wancan karon kin kashe ƙwayoyin cuta masu rauni kin bar masu ƙarfi, su ne suka dawo. Yanzu allura, sannan ƙwayoyin nan wata uku. In kika sake yi masa wasa, ƙafafun nan ko bakin rafi ba za su ƙara kai ki ba."

Wannan karon Astajam ba ta ce to ba. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da aka binne mijinta. Ta dubi ƙafafunta a kan gado.

"Faɗa mini kuma, 'yata. A hankali. Nonon nan, nisa nawa?"

"Awa biyu kafin ƙwayar, awa biyu bayanta. Kuma dafaffe."

"Ni ba ni da awa."

Madam Ndanga ta tambayi Dudu yaushe suke barin gida in za su kasuwa, yaushe suke isa. Dudu ta ce ana gama tatsa suke fita, su iske mahauta sun rataye nama. Madam ta yi ɗan lissafi a ranta, ta ce ya isa har da ƙari.

"To ki sa tafiyar gida zuwa kasuwa tsakanin ƙwayar da nono. Da kaya a ka, ba tafiyar mai tsoron hadari ba."

"Ko kurɓi ɗaya?"

"Goggo, na san kurɓinku. Rabin ƙwarya ne."

Haka Astajam ta dawo gida ta zama wata mace. Ta koyi shan ruwa tana yatsina fuska, jikoki suna leƙe suna dariya. Fitsarinta ya yi ja, hawayenta ma ya rina bakin gyale, amma an riga an gaya mata aikin jan kafso ne, ba ta firgita ba. Ta sa malfar maza don ƙwayar tana sa rana ta ƙona fata. Da tashin zuciya ya dame ta, ba ta tsaya ba, ta aiki Dudu gari ta tambayo yadda za a yi. Maƙwabta masu zazzaɓi suka riƙa zuwa roƙon kafso ɗaya, ta hana, ita da ba ta taɓa hana kowa komai ba. Ta ce da jininta aka auna shi, su je a auna nasu. Aka yi ta gulmar ciwo ya sa mata rowa.

Kullum da safe, in ta haɗiyi rawayar ƙwaya, sai a zaunar da ita a kan buzu ta jingina da turken rumfa, baya a miƙe. Ta rufe ido ta kama hanyar kasuwa a cikin ranta. Ba ta tsallake ko dutse ɗaya. Sai ta isa rumfar mahauta take buɗe ido ta ce a kawo mata dafaffiyar madara. A lokacin daga ɗaki zuwa turken nan ma sai an riƙe ta.

Ana cikin wata na biyu, wata safiya, ta ajiye moɗa ke nan ruwan bai gama sauka ba, sai aka yi sallama. Arɗo Bobbo ne, shugaban rugagenmu, da wasu dattawa a bayansa. A tsakiyarsu wani tsoho ne mai furfura, yana ɗan ɗingishi, ya tallabo babbar ƙwarya da hannu biyu. Can bakin shinge an ɗaure wata jar saniya mai farin goshi. Astajam ta fara ganin saniyar kafin mutumin, kuma ba ta buƙaci a gaya mata jinin Wule ce ba.

Zuri'armu tana da yadda take neman gafara tsakanin 'yan uwa. Wanda ya yi laifi zai cika ƙwarya da madara, ya tsuguna gaban wanda ya ɓata wa, ya miƙa, kuma ba zai tashi ba sai an yanke hukunci. In an shanye, magana ta mutu. In an ajiye ƙwaryar a ƙasa, zumunci ne aka ajiye, har 'ya'ya da jikoki. Ba a miƙa wa wani ya riƙe, ba a ce a dawo gobe.

Giɗaɗo ya tsuguna da ƙyar, gwiwarsa tana ƙara. Bai ɗaga kai ba.

"Adda, ga shi."

Ta sa hannu ta karɓa. Ƙwaryar da zafinta, har da 'yar fatar nan da dafaffiyar madara take yi a sama, da ƙaurin hayaƙi. Namiji ne ya dafa, kuma bai iya ba. Wato ya yi ta tambayar labarinta daga nesa har ya ji ba ta shan ɗanya, ya tsaya a bayan ruga ya hura wuta da hannunsa, aikin da namijin wurinmu zai gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi yana yi. Wannan ya taɓa ta fiye da saniyar. Sai dai labarin da ya ji rabi ne.

"Yanzu na haɗiyi magani," in ji ta. "Ba zan sha ba sai na je kasuwa."

Dudu ta yi maza ta bayyana wa dattawa abin da ake nufi. Suka dubi juna. Fuskar Giɗaɗo ta ɓaci.

"In ƙi za ki yi, Adda, ki ƙi. Na cancanta. Amma kada ki laɓe bayan 'yar ƙwayar da ba ta kai ƙwayar dawa ba."

"Ka ga na ajiye?"

Arɗo Bobbo ya gyara murya. "Astajam, ki ɗan taɓa da baki mana, mu shaida, a wuce wurin."

"Arɗo, yaushe aka fara sulhu da taɓa baki? Ko ka ce na sha, shi ya san ban sha ba. Shanyewa zan yi. In na shanye yanzu kuma na koma gidan jiya, ƙafafuna nake saidawa." Ta dubi saman kan ƙanenta. "Ban ƙi ba. Ka jira ni."

Ƙwaryar ba ƙarama ba ce, kuma cike take. Dudu ta raɗa mata ta ɗora a cinya. Astajam ta tambayi Arɗo ko cinya ƙasa ce. Arɗo ya shafa gemu ya ce tun kakanninsa ba a taɓa kawo masa wannan tambayar ba. Ta ce to ba a kanta za a gwada ba. Ta manna gwiwoyin hannu a haƙarƙari, ta riƙe ƙwaryar daidai ƙirji, ta rufe ido. Yau da ƙarfi ta yi tafiyar, don kada a ce barci take yi.

"Na fita. Na wuce dangwali."

Mata suka fara taruwa daga maƙwabta, suna tsayawa a bayan shinge. Wani dattijo ya yi tsaki ƙasa ƙasa, na kusa da shi ya zungure shi.

"Ina gangarawa. Ciyawa da raɓa."

Tsakanin magana da magana sai ta daɗe, gwargwadon yadda ƙafa za ta daɗe. Ta isa rafi, ta tattare zani, ta taka dutsen nan mai santsi a hankali. Ta wuce babban suri. Tururin madarar ya ragu, ya ɗauke. Inuwar rumfa ta janye daga kan dattawa, ba wanda ya matsa. Mun saba ganin juriya a wurin sharo, inda saurayi yake dariya ana dukansa, amma can akwai kiɗa da 'yan mata masu kallo. Nan tsohuwa ce mai ciwon ƙashin baya, a zaune a miƙe, gumi yana bin wuyanta, hannuwanta sun fara rawa har madarar tana kaɗawa a bakin ƙwarya.

A tudu ne ƙarfinta ya kusa ƙarewa, wurin da ciwon ya kayar da ita. Ta ce ta fara hawa. Ba a jima ba ta ce, "Na hau. Ga bishiyar ɗorawa."

Dudu ta sauke numfashi. Arɗo ya gyaɗa kai, kowa yana so a gama. Sai Giɗaɗo ya yi magana, kansa a ƙasa.

"Ba ki kai ba, Adda."

Ta buɗe ido.

"Tudun nan ba a hawansa haka da kaya. Inna ma sai ta huta. Ke kuma kullum sai kin tsaya a gindin dutsen nan na tsakiya kin gyara goyo, kina zagina wai na cika nauyi. Kada ki yanke hanya saboda ni. Ina nan."

Shi kansa a lokacin ƙafafunsa sun mutu a tsugune, yana dafe da ƙasa da yatsu. Astajam ta dube shi, kallon da ba ta yi masa ba tun yana da baƙin gemu. Hawayenta ya zubo, ja ja saboda magani, wasu matan suka tsorata har Dudu ta ce musu ba jini ba ne.

"Gaskiyarka, Giɗaɗo," ta ce. "Na koma ƙasan tudu."

Wata tsohuwa a bayan shinge ta rufe baki da gyale. Akwai manyan mata a wurin da tunda aka haife su ba su taɓa jin sunan nan daga bakinta ba.

Daga nan tare suka yi tafiyar. Ta tsaya a gindin dutse, ya ce ta huta sosai. Suka kai ɗorawa. A gonakin rogo ya tambaya ko tsohon nan mai karnuka yana nan, ta ce ya mutu, jikansa ne yanzu, karnukan dai ba su sake hali ba. Suka faɗa jar hanya. Ya ce ga gadar katako, ta ce ka daɗe ba ka zo ba, ta siminti ce yanzu. Wasu dattawan suka shiga, wannan ya tuna shingen jandarma, wancan ya ce a kauce mota na zuwa kada ƙura ta shiga nono. Ba wanda ya ƙara cewa ta yi sauri. Rana ta take sosai kafin ta ja dogon numfashi.

"Ga mahauta. Sun rataye nama."

Ta yunƙura za ta kai ƙwaryar baki, hannuwan suka ƙi ɗagawa. Sun sandare a inda suke, yatsun sun kafe a jikin ƙwarya. Ta sake gwadawa, madarar ta yi tangal tangal. Giɗaɗo ya ja jiki da gwiwa, ya sa tafukansa biyu a ƙarƙashin nata, ya ɗaga a hankali. Ko al'ada ta yarda da haka, ko ba ta yarda ba, ba mu sani ba, domin a daidai lokacin Arɗo Bobbo ya ga wani abu a sararin sama da ya ɗauke masa hankali. Ta sha. Madarar ta yi sanyi, ga ƙauri, ta shanye tas har ta kife ƙwaryar. Sannan ta ce duk wanda ya dafa wannan a hana shi kusantar murhu har abada. Mutum biyu ne suka ɗaga Giɗaɗo, don shi ma tashi ya gagare shi.

Bai koma kudu ba. Ya kafa bukka a gefen rugar, kuma shi ya zama ɗan sandan maganin, kullum da asuba yana bakin ƙofa yana tambaya ko an sha jan kafso. Ta cika wata ukunta ba ta tsallake ko ɗaya ba. Madam Ndanga ta sake ɗibar jini, ta danna mata baya, ta sa ta taka daga bango zuwa bango, ta ce ta riƙa dawowa ana dubawa, amma ta je ta gwada hanyarta a hankali.

Yanzu duk madarar da za ta fita daga gidan Astajam sai ta hau wuta, kuma tana shan ruwa, ko da yake har gobe ba ta yabe shi ba. Ranar da ta fara komawa kasuwa da ƙafarta, 'yar ƙaramar ƙwarya ta ɗauka. Giɗaɗo ya ce zai raka ta. Tun daga rafi ta ba shi rata, don gwiwarsa ba ta ƙara komawa daidai ba tun tsugunon nan. A gindin dutsen tsakiyar tudu ta tsaya, ba don ta gaji ba. Ta juya da ƙwaryarta a ka, ta jira har ya iso.